Martani Ga Mai Zargina Kan Batun Ɗauke Laburaren Majalisa

Yallaɓai, raddin da ka rubuta wa maƙalata ya iso ni, na kuma karanta shi da natsuwar da ta dace da maganar mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a aikin majalisa. Abin da na faɗa a waccan maƙala bai wuce guda ba. Na ce duk majalisar dokokin jihar da ke tunanin fitar da ɗakin bincikenta daga harabarta, kada ta ɗaga ko da littafi ɗaya sai an zauna an yi nazari a rubuce. In kuma an ce ƙaurar ta wucin gadi ce, to a sa ranar komawa da kuɗin komawa a cikin doka tun kafin motar farko ta ɗauki kaya. Na kafa hujja da abin da ya sami laburaren Jihar Washington, wadda ke arewa maso yammacin Amurka. Kai kuma ka ɗora mini laifuffuka: na murɗe labarin, na yi wa gwamna ƙazafi, ina ƙyamar zamani, ina bauta wa gini, ina nema wa kwamiti abin ci, sannan na kwaso damuwar Turawa na jibge wa mutanen da tasu ma ta ishe su. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, amma zan fara da wanda ya fi nauyi.

Ka ce na murɗe labari, domin girgizar ƙasa ce ta fitar da laburaren, kuma ba a ɗora wa kowa laifin abin da Allah ya saukar. Ban taɓa musun girgizar ba. Ranar 28 ga Fabrairu 2001, gab da ƙarfe 11 na safe, ƙasa ta girgiza da ƙarfin maki 6.8 a kusa da Olympia, babban birnin jihar, majalisa na tsakiyar zangon zamanta. Ginin majalisar yana da ƙatuwar ƙubba ta dutse, ginshiƙan da ke kewaye da ita sun gusa. Dama ana shirin yi wa ginin babban gyara, sai girgizar ta sa abin ya zama na gaggawa. Dole a samo wa 'yan majalisa wurin zama. A bayan ginin kuwa, taku kaɗan, akwai ginin laburaren jiha, wanda ake kira ginin Pritchard. Sai aka kwashe littattafan a ƙarshen 2001 aka kai su wani ginin ofisoshi na haya a garin Tumwater, 'yan kilomitoci kudu da harabar, sanatocin jihar suka mayar da zauren karatun zauren muhawara. Har zuwa nan ban ga laifin kowa ba, kuma ban rubuta cewa na gani ba.

Inda muka rabu da kai shi ne abin da ya biyo baya. An gama gyaran a 2004, majalisa ta koma gininta. Laburare bai koma nasa ba. Yau fiye da shekara 20 ke nan yana gidan haya. Girgizar da ba ta wuce minti guda ba tana iya zama uzurin shekara uku na gyara, amma wa zai ɗora mata shekarun da suka biyo bayan 2004? Waɗannan shawarar mutane ce, ko in ce rashin shawararsu, domin babu wata takarda mai ƙarfin doka da ta tilasta wa kowa ya mayar da littattafan.

Ina so ka dubi ginin da aka fitar da su daga ciki, don a nan ne ake ganin abin da nazari zai iya hangowa. Mai zanen gine-gine Paul Thiry ne ya tsara shi, aka kammala shi a 1958, kuma don littattafai aka yi shi tun daga tushe. Gabansa zaure ne mai dogayen gilasai, bayansa kuma wani dunƙulallen ɓangare ne mai hawa-hawa inda kantocin littattafai ke jere. Wannan ɓangaren ba shi da taga ko ɗaya. Rufin kowane hawa gajere ne ƙwarai, dogon mutum in ya miƙa hannu zai taɓa shi. An yi shi ne daidai tsayin kanta, kuma shi ya ɗauki fiye da rabin ginin. Da aka kwashe littattafan, ba a iya mayar da wurin ofis ba, don ba mai sa ma'aikaci ya wuni a ɗakin da ba taga ba iska. Sai ya zama jihar tana biyan hayar wurin ajiye littattafai a wani gari, ga kuma wurin da aka gina musu a tsakiyar harabarta yana zaune kusan fanko shekara da shekaru. Tamkar maigidan da ya kai hatsinsa rumbun maƙwabci yana biya duk wata, nasa rumbun na tsakar gida babu komai a ciki. Duk wanda ya ɗauki abin awo ya shiga wannan ɓangaren a 2001 zai san haka za ta faru. A 'yan shekarun nan aka yanke shawarar rushe ɓangaren kantocin a faɗaɗa ginin ya zama ofisoshin majalisa, wanda ke nufin hanyar komawa ta toshe baki ɗaya.

Abin ya fi ciwo in aka tuna daga ina laburaren ya taso. Ya girmi jihar kanta. Lokacin da Majalisar Dokokin Amurka ta kafa yankin Washington a 1853, ta ware dala 5,000 don a sayi littattafai, gwamnan farko Isaac Stevens ya saye su, aka loda su a jirgin ruwa ya kewaya ta ƙarshen Kudancin Amurka ya kai su Olympia. Sai a 1889 yankin ya zama jiha. Daga baya laburaren ya daɗe a cunkushe a ɗakunan ƙarƙashin ginin Kotun Ƙolin jihar, har shugabarsa Maryan Reynolds ta yi ta fafutuka a shekarun 1950 aka gina masa nasa. Shekara 105 ya yi yana jiran gida, ya zauna a ciki shekara 43, aka fitar da shi.

Ka ƙara da cewa wannan laburare na jiha ne, ba na majalisa ba, saboda haka misalina bai ma hau ba. Gaskiya ne ba ya ƙarƙashin kakakin majalisa. Amma yi wa 'yan majalisa da ma'aikatan kwamitocinsu hidimar bincike yana cikin manyan ayyukansa, shi ya sa ma aka gina shi a gefen ofisoshinsu. Wannan gyara naka ni yake ƙara wa ƙarfi. Ɗakin binciken da majalisa ke amfani da shi amma ba ita ke riƙe da igiyarsa ba, shi ake fara fitarwa ranar da wuri ya yi ƙaranci. Dubi Jihar Texas. A farkon shekarun 1960 aka fitar da babban laburaren jihar daga ginin majalisa zuwa sabon gini a gefe, amma sashen da ke yi wa 'yan majalisa bincike aka bar shi a inda yake. A 1969 aka mayar da shi hukuma mai zaman kanta a ƙarƙashin majalisa. Har gobe yana hawa na biyu na ginin, a bene ɗaya da zauren wakilai da na dattawa. Su ma sun ƙaura, amma sun san abin da za su ɗauka da abin da za su bari.

Zargin ƙazafi kuwa gajere ne, kuma amsarsa na cikin kwanan wata. A Disamba 2001, littattafan ba su gama zama a Tumwater ba, Gwamna Gary Locke ya gabatar da kasafin da ya nemi a rufe laburaren gaba ɗaya. Ban kira shi maƙiyin ilimi ba. Jihar na fuskantar giɓin da ya haura dala biliyan ɗaya, bayan durƙushewar kamfanonin intanet da harin 11 ga Satumba da ya taɓa kamfanin jiragen Boeing, kuma duk gwamnan da ya tsinci kansa a haka sai ya nemi abin yankewa. Abin da na ce, kuma ina nan a kai, shi ne ya fi sauƙi a soke layin kasafin ma'aikatar da ba a wucewa ta ƙofarta kullum. Wannan ra'ayina ne, na kuma gabatar da shi a matsayin ra'ayi. Majalisa ta ƙi amincewa da rufewar, ta mayar da laburaren ƙarƙashin ofishin Sakataren Jiha Sam Reed daga 1 ga Yuli 2002. A 2007 aka amince da gina masa sabuwar cibiya a harabar tare da rumbun takardun tarihi, sai rikicin tattalin arziki na 2008 ya zo, aka jingine aikin, kuɗin da aka tara aka karkatar da su wani wuri. A 2019 aka sake amincewa da sabon gini, amma wannan karon a Tumwater, ba a harabar ba. Kuɗin tafiyar da laburaren kuma an rataya babban kasonsa a kan harajin rajistar takardun filaye da gidaje, wanda ke hawa da sauka da kasuwa. Da cinikin gidaje ya ja baya, kuɗin suka ƙafe, aka sallami gomman ma'aikata, aka rufe wa jama'a ƙofar ɗakin karatun na Tumwater daga 1 ga Yuli 2025. A duk wannan jerin, nuna mini wanda na ƙirƙira.

Sai maganar ƙyamar zamani. Ka ce komai yanzu yana intanet, ɗan majalisa na da waya a aljihu, saboda haka ko a ina aka ajiye littattafai duk ɗaya ne. Ni ma da kwamfuta nake aiki, kuma ina goyon bayan a ɗauki hoton duk takardar da ake iya ɗauka a sa ta inda kowa zai samu. Sai dai intanet ba ta riƙon amana kamar yadda kake zato. Cibiyar bincike ta Pew ta gano a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da suke nan a 2013 sun ɓace bayan shekara goma. Tun kafin nan masu bincike a Jami'ar Harvard sun bi adireshin shafukan da alƙalan Kotun Ƙolin Amurka suka kafa hujja da su a hukunce-hukuncensu, suka tarar kusan rabi ba sa kai mutum ga abin da aka ambata. In hujjar babbar kotu na zubewa haka, ina ga rahoton wani ƙaramin kwamitin majalisar jiha na shekara 40 da suka wuce, wanda ƙila ma ba a taɓa ɗaukar hotonsa ba?

Amma wannan ma ba ita ce babbar amsata ba. Kai da ka yi aikin majalisa ka fi ni sanin yadda tambaya ke tasowa a zaure. Ana cikin muhawara kan ƙudiri, wani ya miƙe ya kawo gyara a sashe kaza, ya ce ai wata jiha ta gwada haka ta ci nasara. Ɗan majalisar da ke shakka yana da ɗan lokaci kaɗan kafin a kaɗa ƙuri'a. Yana son ya san ko gaskiya ne, da yadda aka rubuta sashen a can, da ko kotu ta taɓa rushe shi, da ko majalisarsu ta taɓa kawo irinsa ta yi watsi da shi, kuma saboda me. Wayarsa za ta ba shi shafi ɗari. Wanda zai ce masa ga ukun da ke da amfani, ga kuma tsohon rahoton da ba ya cikin waya, mutum ne da ya shekara yana wannan aiki, wanda ba ɗan kowace jam'iyya ba ne, wanda ba zai je ya faɗa wa ɗaya ɓangaren abin da aka tambaye shi ba. In wannan mutumin ya yi nisa, ɗan majalisa ba zai zauna babu amsa ba. Zai karɓe ta daga wanda ke tsaye a bakin ƙofa, wato mai kamun ƙafa na wani kamfani ko jami'in ma'aikatar da ta kawo ƙudirin. Dukansu biyu suna da abin da suke so ƙuri'ar ta haifar.

Don wannan matsalar aka ƙirƙiri irin waɗannan ɗakuna tun farko. A 1901 wani saurayi mai suna Charles McCarthy, ɗan baƙin haure 'yan Ailan, wanda bai daɗe da gama digirinsa na uku ba, aka ɗauke shi aikin jera takardun gwamnati a ginin majalisar Jihar Wisconsin. Ya lura da yawa daga cikin 'yan majalisar manoma ne da ƙananan 'yan kasuwa, ba su da ma'aikata, ga lauyoyin kamfanonin jirgin ƙasa na kawo musu ƙudirori a rubuce. Sai ya shiga tara dokokin wasu jihohi da ƙasashe, yana yanko labaran jaridu, yana tattara ƙananan rahotanni, yana jera su bisa batu, yana bin 'yan majalisa yana tambayarsu abin da suke nema. A 1907 aka ƙara masa sashen rubuta ƙudiri. Ba girman tarinsa ne ya ɗaukaka shi ba, manyan laburarorin jami'a da na ƙungiyar tarihi da ke garin Madison, inda majalisar take, sun ninka shi nesa ba kusa ba. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne yana nan a cikin ginin a lokacin da ake bukatarsa. Har gwamnan da aka zaɓa a 1914, Emanuel Philipp, ya hau mulki da niyyar rushe wurin don yana ganin masana'antar ƙera ƙudirori ce, amma da ya ga yadda aikin yake sai ya bar shi ya kuma riƙa amfani da shi. Daga Wisconsin tsarin ya bazu zuwa sauran jihohi.

A zargin bautar gini ka kawo hujjoji biyu masu ƙarfi, kuma ba zan yi kamar ban gan su ba. Ka ce ginin majalisa wuri ne mai haɗari ga takarda. Haka ne. A Fabrairu 1904 fitilar iskar gas ta kama sabon fentin rufi a ginin majalisar Wisconsin, aka je neman ruwa aka tarar tankin da aka dogara da shi babu komai, mafi yawan ginin ya ƙone. Ranar 29 ga Maris 1911 wuta ta tashi cikin dare a ginin majalisar Jihar New York a birnin Albany, ta bi ta laburaren jihar ta cinye littattafai kusan 450,000 da rubuce-rubucen hannu kusan 270,000, har da wani ɓangare na takardun zamanin mulkin mallakar Holan waɗanda ba su da na biyu. Mai gadin dare, Samuel Abbott, ya rasu a ciki. Sabon ginin da za a mayar da laburaren ana cikin gina shi a lokacin, sai a 1912 aka buɗe shi. Da an riga an ƙaura, da an tsira.

Wannan hujja ce a kan mai cewa kada a taɓa ƙaura, ni kuwa ban taɓa cewa kada a ƙaura ba. Na ce a yi nazari. Nazarin ne zai raba abu biyu da kake ta haɗawa. Akwai takardun tarihi marasa na biyu, waɗanda ake buɗewa jefi-jefi. Su wurinsu gini ne mai kariyar wuta da danshi, ko da yana nesa. Akwai kuma kundin zaman majalisa, da dokokin da ke aiki, da rahotannin kwamitoci, da kasafin shekarun baya, da mutanen da suka san kansu. Waɗannan wurinsu kusa da zaure. Ita kanta New York haka ta yi. Babban laburaren ya fita, amma ɗakin karatu na 'yan majalisa yana nan a hawa na uku na ginin majalisar.

Hujjarka ta biyu ita ce Laburaren Majalisar Tarayyar Amurka, wanda ya fita daga ginin majalisa ya zama ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya. Na ji daɗi da ka kawo shi. Sojojin Ingila sun ƙone shi a 1814, aka sayi littattafan Thomas Jefferson guda 6,487 aka sake kafa shi, wata gobarar a 1851 ta cinye kusan 35,000 daga cikin 55,000. Daga 1870, da doka ta ce duk mai neman haƙƙin mallakar littafi ya kai kwafi can, kaya suka yi ta taruwa har ana jibge su a ƙasa. Shugaban laburaren, Ainsworth Spofford, ya nemi sabon gini. An yi gasar zane a 1873, aka yi ta muhawara kan wuri da tsari har 1886 kafin a amince, aka buɗe ginin a 1897. Shekara 13 ana tunani kafin a haƙa tushe. Ina aka gina shi? A tsallaken titi, yana fuskantar majalisa. Kuma aka haƙa rami ta ƙarƙashin ƙasa tsakanin gine-ginen biyu, aka sa na'urar da ke jan littafi ta kai shi majalisa cikin 'yan mintoci. Duk da haka, a 1914 sai da aka kafa wa majalisa sashen bincike nata a cikin laburaren, bisa koyi da Wisconsin, wanda aka faɗaɗa aka sauya masa suna a 1970. Mutanen da suka haƙa rami don kada littafi ya yi nisa da ɗan majalisa, a ɓangarena suke.

Batun nema wa kwamiti abin ci, na san inda ka dosa, kuma duk wanda ya ga yadda rahotannin kwamitoci ke kwanciya a durowa ba zai ga laifinka ba. Amma nazarin da nake magana ba ya bukatar otal ko tafiya ƙasar waje. Akawun majalisa da shugaban laburare da injiniya ɗaya da mai lissafi ɗaya sun isa. Su ƙirga tambayoyin da aka kawo ɗakin a zangon zama guda, su ga su wa suka kawo, da ƙafa suka zo ko ta waya, kuma nawa ne daga ciki ake son amsarsu a ranar. Su auna ko daɓen sabon wurin zai ɗauki nauyin kantoci, don takarda na da nauyin da daɓen ofis na yau da kullum ba a yi shi dominsa ba. Su lissafa hayar shekara 20, ba ta shekara biyu ba, su kwatanta da kuɗin gyaran wurin da ake ciki. Su faɗi abin da za a yi da wurin da aka bari. Su kuma rubuta wanda zai riƙa biyan kuɗin ɗakin bayan ya fita, da ko daga ina. Rashin yin wannan ma yana da tsadarsa. A 2006 hukumar kare muhalli ta Amurka ta rufe wasu laburarorinta, har da na hedikwata da na Chicago da Dallas da Kansas City, da sunan komai zai koma intanet. Ofishin da ke binciken ayyukan gwamnati a madadin majalisa ya fitar da rahoto a 2008 yana cewa ba a auna riba da asarar matakin yadda ya kamata ba, ba a kuma tuntuɓi masu amfani da wuraren sosai ba. Majalisa ta ba da umarni a sake buɗe su, aka buɗe kafin ƙarshen wannan shekarar, bayan an riga an tarwatsa wani ɓangare na tarin.

Saura na ƙarshe, cewa na kwaso damuwar Turawa. Na ɗauki misalin Washington ne don an rubuta tarihinsa filla-filla, ana iya bin sawunsa shekara bayan shekara, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Amma cutar ba tasu ba ce su kaɗai. An ba da kwangilar gina hedikwatar Laburaren Ƙasa na Najeriya a Abuja tun 2006, aka shafe kusan shekara 20 ba a gama ba, hukumar na zaman wucin gadi. A Oktoba 2022 wuta ta kama majalisar Jihar Kogi a Lakwaja. A ƙarshen Oktoba 2023 wuta ta kama ta Jihar Ribas, a Disamba aka sa mata katafila. A duk lokacin da irin haka ta faru, abin da ake tambaya shi ne ina mambobi za su zauna, ina kuma sandar majalisa take. Da wuya ka ji an tambayi inda kundin zaman ya kwana.

Mu ne ma muka fi bukatar wannan taka-tsantsan. Majalisa ce ɓangaren gwamnati da soja ke fara rufewa: daga 1966 zuwa 1979, daga ƙarshen 1983 zuwa 1992, daga ƙarshen 1993 zuwa 1999. Ma'aikatun gwamna da kotuna sun ci gaba da aiki a duk waɗannan shekaru, fayilolinsu na hannun ma'aikatansu, majalisa kuwa kowane karo sai ta sake tashi daga ƙasa. Kuma kowane zaɓe yana kawo sababbin mambobi masu yawa waɗanda ba su san abin da aka tattauna a zangon da ya wuce ba. Sashe na 128 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba majalisar jiha ikon binciken yadda ake aiwatar da dokokinta da yadda ake kashe kuɗin da ta amince da su. Da me za ta yi binciken in kasafin shekaru biyar da suka wuce da rahotannin babban mai binciken kuɗi suna cikin kwalaye a wani sito a bayan gari, sai ta roƙi ma'aikatar da take bincike ta ba ta kwafi?

Yallaɓai, ka amsa abubuwa da yawa a raddinka, amma ka tsallake sharaɗin da na gina maƙalar a kansa, wato a rubuta ranar komawa da kuɗin komawa a cikin dokar da ta ba da izinin ƙaura ta wucin gadi. Ka san harkar rubuta doka fiye da ni. In akwai wata illa a wannan sharaɗi, ko wani dalilin da zai hana majalisa ɗaure kanta da shi, ina roƙonka ka rubuto shi a fito na gaba, zan karanta in amsa.